Wutar Tudun Prunty

Packie Prunty bai taɓa sa taba a bakinsa ba, amma ba ka raba shi da kwalin ashana a aljihun ƙirji, a nannaɗe cikin leda saboda ruwan sama. Shi ya sa duk garin Drumlara aka manta da sunan da Fada, limamin coci, ya yi masa baftisma da shi, sai dai Mai Ashana. In ka roƙe shi tsinke ɗaya za ka kunna lofe, sai ya dube ka kamar ka ce ya ara maka matarsa, ya dafe aljihu ya ce, "Tana da aiki."

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙaramin manomi, da 'yan shanunsa da gonar dankali a bayan gida. Babban abin da ya gada wurin ubansa shi ne tudu. Tudun kuwa ba abin arziki a kansa, duwatsu ne da ƙaya, ko tunkiya sai ranta ya ɓaci take hawa. Sai dai duk wanda ya karyo kwanar gada zai shigo gari, Tudun Prunty ne farkon abin da idonsa zai sauka a kai. Saboda haka tun zamanin kakanni, in ɗan gari ya ci zaɓe, ranar da zai dawo daga wurin ƙirga a can ake fara kunna wutar tarba. Sai ta tashi sannan sauran tuddai su amsa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasar ta zama kamar an zuba garwashi.

Uban Packie ya kunna ta a zamaninsa, kuma kafin ya rasu ya damƙa wa ɗansa ashana da doka guda. "Ba a kunna ta don an ji labari a rediyo. Sai motar mutum ta hau gada, ya ɗaga kai ya gani da idonsa. Wutar tasa ce, ba ta 'yan kallo ba." Packie ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe dokoki goma na coci.

Wanda kuwa ya ajiye wa ashanar shi ne Manus Treanor, abokinsa tun suna zama benci ɗaya a makaranta. Manus dogo ne, siriri, bakinsa kamar reza. Ɗan jamhuriya ne har cikin ɓargo: so yake sojan Ingila ya naɗe kayansa ya bar arewacin tsibirinsu, a share iyakar nan da ta ratsa gonakin mutane, tsibirin ya koma ƙasa ɗaya. Iyakar ba nisa da Drumlara, shanun Packie ma kan tsallaka ta su yi kiwo a ƙasar sarauniyar Ingila su dawo ba wanda ya tambaye su takarda.

Da Manus ya fara tsayawa takara, ranar Lahadi yakan jira a tashi daga coci, ya hau bayan motar madara a bakin ƙofa ya soma jawabi. Packie na ƙasa rungume da batirin lasifika, ruwa na zuba a wuyansa. Manus ya yi ta kawo tarihi tun daga kakan kakansa, mata na leƙen agogo saboda dankali na kan wuta. A ƙarshe ya rantse cewa in an zaɓe shi ba zai taka majalisar ƙasa da ke Dublin ba, don ba zai zauna a ɗakin da ya yarda a raba ƙasa gida biyu ba.

Dessie mai mashaya ya ɗaga murya daga baya. "Tsaya, Manus, in gane. Mu ɗauke ka aiki, kai kuma ka yi mana alkawarin ba za ka je ba?"

"Haka na ce, Dessie."

"To a sa sunana a ƙasan naka. Irin aikin da nake nema ke nan tun ina yaro."

Aka kwashe da dariya, har shi Manus ɗin. Son sa ake yi, wannan ba ko tantama. Matsalar dai a takardar zaɓe take. Ba mutum ɗaya ake zaɓa ba, jerawa ake yi: na ɗaya, na biyu, na uku. In na ɗayanka ya faɗi, ƙuri'arka ta gangara kan na biyu. To duk ƙofar da Manus ya ƙwanƙwasa, za a ba shi kujera kusa da murhu, a zuba masa shayi, a yanka masa burodi da man shanu, sannan maigida ya sosa ƙeya.

"Ka san dai yadda abin yake, Manus. Na ɗayan na mutumin nan ne da ya sa aka zuba mana kwalta. Amma na biyu, wallahi naka ne, ni da matata da surukata."

Da ana cin zaɓe da na biyu kaɗai, da Manus ya mulki Turai. Sai dai kafin na biyu su amfane ka dole ka daɗe a cikin ƙirga, shi kuwa kullum shi ake fara cirewa, na biyun nan su tafi ba wanda ya ko dube su.

Duk da haka, da zarar an sa ranar zaɓe Packie zai fara jidar itace zuwa kan tudu: ƙirare, busasshiyar ƙaya, tsofaffin ƙofofi, ƙafar gadon da wani ya mutu a kai, tayoyi a tsakiya don hayaƙi. In Manus ya faɗi, sai ya sauko da itacen a amalanke ya rarraba wa tsofaffin da ba su da mai yi musu. Matarsa Oona takan tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Sannu, Mai Ashana. An hau da shi, an sauko da shi. Itacen nan ya fi ni yawon buɗe ido."

"Ki bari, mace. Na gaba namu ne."

"Haka ka ce ranar aurenmu, har yau ina jira."

Sai shekarar nan ta zo da dariya ta ƙare a bakin kowa. Aka kama Manus a tsallaken iyaka. Me aka same shi da shi, me ba a same shi da shi ba, har yau in ka tambaya a Drumlara za a kauce wa maganar a ce maka kamar za a yi ruwa. Aka yanke masa shekaru masu yawa. A kurkuku shi da abokan gwagwarmayarsa suka ƙi sa kayan fursuna, suka ce su ba ɓarayi ba ne, daga nan abin ya kai ga yajin cin abinci. Manus ya shiga sahu. Yana kwance a gadon asibitin kurkuku zaɓe ya zo, jama'arsa suka sa sunansa. Ba jawabi, ba motar madara, sai hotonsa a jikin kowace falwaya, yana murmushi da gashinsa na samari.

A wannan karo ba wanda ya sosa ƙeya. Mutanen da suka shekara suna ba shi na biyu suka shiga rumfar zaɓe suka rubuta ɗaya, wasu suna kuka. Manus Treanor ya ci kujera daga kan gado, a lokacin da ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa.

Labari ya iso ta rediyo da la'asar. Gari ya fashe. Maza, mata, yara, har Fada da kansa, aka ɗunguma zuwa Tudun Prunty da galan na kananzir. Suka tarar da Packie tsaye gaban tulin itace, riƙe da cebur mai yatsu na kwasar ciyawa.

"Kunna, Packie! Mun ci!"

"Sai ya zo."

"Kai, ka haukace ne? Mutumin yana kurkuku!"

"Na san inda yake. Sai motarsa ta hau gada."

Dessie ya matso da tasa ashanar, Packie ya nuna masa yatsun cebur a daidai tumbi. Dessie ya tuna yana da iyali, ya ja da baya.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Brid Treanor ce, mahaifiyar Manus, ta hawo tudun da takalminta na zuwa coci, tana tsayawa tana haki. Tun suna yara ita ke raba musu burodi ɗaya gida biyu, ta ba Packie ɓangaren da ya fi girma don ta ce ya fi ɗanta kama da mayunwaci. Ta zo gabansa ta tsaya.

"Packie, ɗana. Kunna."

"Mama Brid, kin san dokar. Sai ya zo ya gani."

"In bai zo ba fa?"

Maganar da kowa ke ɗauke da ita a ciki ke nan, ba wanda ya yarda ta fito, sai ga uwarsa ta faɗa da bakinta.

"Zai zo," in ji Packie.

"Ni dai in gani. Ranar ziyara in je in gaya masa, ko da kunnensa ne ya ji."

Packie ya dafe aljihun ƙirji. Wannan kowa ya gani. Abin da ba wanda ya gani shi ne abin da ke ransa: a wurinsa, in ya ƙyasta ashanar nan ba Manus a kan gada, to ya sa hannu ke nan cewa Manus ba zai dawo ba. Muddin itacen na tsaye, dole mai shi ya zo. Amma Packie ba mutumin da zai iya jera wannan a baki ba ne. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ba zan ƙona masa wutarsa a bayan idonsa ba."

Brid ta daɗe tana kallonsa. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi ya fi masa sauƙi. Ta gyara ɗankwali ta juya ta gangara.

Ranar aka karya al'ada. Sauran tuddai suka gaji da jira suka kunna nasu, ƙasa ta haske ko'ina, Tudun Prunty kaɗai ya tsaya baƙi a tsakiya kamar gurbin haƙori. Aka daɗe ba mai gaida Packie a kasuwa. Oona ma takan dire masa kwanon dankali ta juya masa baya.

Manus bai mutu ba. An janye yajin yana bakin kabari, aka jawo shi da ƙyar. Amma yunwa ta riga ta ci abin da za ta ci, ta bar shi da ido kamar fitilar da mai ya kusa ƙarewa. Kujerar kuma ba ta yi ƙarko ba. Gwamnatin ta rushe kafin shekara ta zagayo, aka koma rumfa, tausayi ya huce, mutane suka tuna da kwalta. Manus ya koma na biyu. Ko sau ɗaya bai ga ƙofar majalisar ba, balle ya samu daɗin ƙin shiga. Brid kuwa hunturu na gaba ya tafi da ita. Packie na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, kuma duk tsawon hanyar bai ɗaga kai ya dubi tudunsa ba.

Da aka sako Manus bayan shekaru, a bas ya dawo, ranar kasuwa, da 'yar jaka da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ba kujera, saboda haka ba wuta. Gidan Packie ya fara zuwa. Oona ta zuba shayi, suka zauna a kicin suna sauraron agogon bango.

"Mama ta ba ni labarin wutarka," in ji Manus. "Ta ce ta Tudun Prunty ta fi kowace. Wai har tsuntsaye sun ɗauka gari ya waye."

Oona ta take ƙafar mijinta a ƙarƙashin tebur, ta murza. Amma Packie bai iya ƙarya ba, ko a cinikin saniya shi ke nuna wa mai saye inda take ɗingishi.

"Ban kunna ba, Manus."

"Na sani, jaki."

"Ka sani?"

"Mama ba ta iya ƙarya ba, kamar kai. In za ta yi ƙarya sai ta yi gyaran murya sau biyu. Ranar nan har sau biyun ta yi, sannan ta fara zuba tsuntsaye." Ya kurɓi shayi. "Na bar ta ta gama. Ta iya ba da labari."

Packie ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu sukari.

"To ɗago, ba jana'iza muke ba. Wutata dai tana nan ko?"

"Tana nan." Packie ya ɗago, sannan ya ce, "Me kake gani yanzu?"

"Rabin fuskarka. Kuma ya ishe ni, na gode wa Allah da ya rufa mini sauran."

"Haske fa?"

"Haske ina gani sarai."

Wannan kalma Packie ya ɗauka ya sa a aljihu kusa da ashana.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa Manus adalci ba. Jam'iyyarsa ta zauna ta yanke cewa lokaci ya yi da za a shiga majalisa a zauna. Manus ya miƙe a tsakiyar taro ya ce shi bai yi yunwa don a saya masa kujera mai laushi ba, ya fita, 'yan tsiraru suka bi shi. Waɗanda suka zauna suka sayi kwat, suka koyi magana a talabijin, suka fara cin zaɓe. Bindigogi suka yi shiru, aka kwashe shingayen soja, samari suka taso waɗanda ba su san inda iyakar take ba sai wayarsu ta gaya musu. Manus ya ci gaba da tsayawa shi kaɗai. Ya yi aure a makare, matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Orla, wadda da ta girma ita ke tuƙa shi ƙofa ƙofa. Motar madara ta daina zuwa. Masu fitowa daga coci ma suka ragu, har wata Lahadi ya yi jawabinsa ga Packie da Orla da wani kare.

"Karen ya saurara har ƙarshe," in ji Dessie. "Amma na ji ya ce na biyu zai ba ka."

Idon kuwa kullum baya yake yi. Tabarau ya ƙara kauri, daga baya sanda ta shigo. Manus ya koyi gane mutane da tari da takun takalmi, har baƙo ba zai lura da komai ba. Duk zaɓe Packie zai ja Orla gefe.

"'Yata, haske fa? Yana gani?"

"Yana gani, Kawu Packie. In an buɗe labule yakan juya."

Sai Packie ya ƙara itace. Idon na raguwa, tulin na ƙaruwa. Ya hau da rufin tsohuwar rumfar shanu, ya hau da bencin makarantar da aka rufe, ya hau da kwalekwalen wani da ya ruɓe. Wani jami'i ya zo daga gunduma ya ce doka ta hana ƙona taya. Packie ya ce to, ya jira ƙurar motarsa ta kwanta, ya tura tayoyin can ciki ya rufe da ƙaya. Gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Oona ta daina yi masa ba'a, wanda ya fi ba'ar ciwo. Wata rana ma ya waiwaya a tsakiyar hawa ya gan ta a baya, da guntun katako a kafaɗa.

"Kada ka ce komai," in ji ta. "Hanya ce ta biyo da ni."

Sai da su Packie suka yi furfura fal kai sannan Manus ya sauko daga neman majalisar ƙasa, ya tsaya takarar kansila a gunduma. Za a rufe gidan waya na Drumlara da ɗakin shan magani, ya ce wannan kujerar kam zai zauna a kanta har ta gaji da shi. Masu neman kujerun sun yi yawa a shekarar, manyan jam'iyyu suka yi ta cin naman juna. Da aka fara ƙirga a babban ɗakin taro na gunduma, a karo na farko ba Manus aka fara cirewa ba. Aka cire wani, ƙuri'unsa suka gangaro kan Manus. Aka cire wata, nata ma suka gangaro. Duk na biyun nan da aka yi ta ba shi da shayi da burodi tun yana saurayi, ranar suka tashi suka zo gaba ɗaya. Ya haye kujerar ƙarshe da ƙyar, kamar wanda ya kama bas tana tafiya.

Packie bai je wurin ƙirga ba, bai taɓa zuwa ba. Yana kan tudu tun hantsi, da kwalbar shayi da Oona ta cusa masa. Wayar Oona ta yi ƙara a ƙasa, ya ji ihunta tun daga tsakar gida, bai motsa ba. Ya zauna ya zuba wa gada ido.

Rana ta yi ja za ta faɗi sai ya ji ham na motoci daga nesa. Jerin ya karyo kwana, 'yar jar motar Orla a gaba, tuta na kaɗawa ta taga. Ta hau gada ta tsaya. Ƙofa ta buɗe.

Packie ya warware ledar. Tsinken farko ya karye. Na biyu iska ta kashe. Ya durƙusa ya kare da jikinsa, ya ce, "Haba, 'yar nan, yau ce fa." Na uku ya kama.

Ƙaya ta ɗauka da ƙara kamar ana yaga zane. Wuta ta bi ƙirare ta kama ƙofofi, ta lulluɓe bencin makaranta, ta miƙe sama har Packie ya ja da baya yana kare gira. Drumlara ba ta taɓa ganin irinta ba. Can sai wani tudu ya amsa, sannan wani. Ba su kai na da yawa ba, masu tuddan rabi sun mutu, rabi suna Ostareliya, amma sun amsa.

Ya gangaro da gudu irin na tsofaffi, yana zamewa yana kama ƙaya, fuska duk toka. Da ya doshi gada sai ya ji abin bai yi masa daidai ba. Motoci sun daina ham. Mutane na tsaye cirko-cirko, ba mai tafi.

Manus na tsakiyar gada, hula a hannu, ya ɗaga fuska sama yana murmushi. Ya ji takun Packie ya gane shi.

"Mai Ashana! Kai, ka gama da ni. Dubi yadda take tashi! Ta fi wadda Mama ta faɗa."

Arewa yake kallo, wajen tsallaken iyaka, inda babu komai sai duhun itatuwa. Wutar na bayansa, haskenta na wasa a ƙeyarsa. Orla ta juyar da shi wajen wutar da ya fito daga mota, amma jama'a suka yi ta rungumarsa suna jujjuya shi, ya rasa gabas. Tana gefe ta toshe baki da hannu biyu. Dessie ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa ya mayar ya rufe.

Packie ya tsaya har numfashinsa ya dawo.

"Ba can ba ne, Manus."

Murmushin ya ɗan daɗe a fuskar kafin ya sauka.

"Tun yaushe?" in ji Packie.

"Tun Kirsimeti. Na tashi da safe na ce wa Orla ta buɗe labule, ta ce a buɗe yake."

"Kawu, shi ya sa ni na rantse ba zan gaya maka ba," in ji Orla cikin kuka.

"Kuma ka bar ni ina ta jidar itace kamar jaki?"

"To in na hana ka, me za ka yi da ranka? Saƙa za ka koya?"

Packie bai yi dariya ba. Ya kama hannun Manus ya ɗora a kafaɗarsa. "Taho."

"Ina?"

"Wutarka. Ba a barin ta ita kaɗai."

Suka hau, gajere a gaba, dogo a baya. Ba wanda ya bi su, Oona ta tare hanya da hannu ɗaya. Packie na faɗin, "Dutse. Rami. Ɗaga ƙafa, ba a majalisa kake ba." Suka huta a hanya ya fi a ƙirga. Da suka kai sama Packie ya tsayar da shi a inda zafi ke dukan fuska, ya saita kafaɗunsa.

Manus ya miƙa tafin hannu. Ya matsa gaba kaɗan, ya bar zafin ya zauna masa a goshi da kumatu. Hawaye na fitowa daga idon nan suna bushewa kafin su kai haɓa.

"Babba ce," ya ce a hankali.

"Babba ce."

Ya ja hanci. "Ka sa taya, ɗan banza. Ranar farko a kujera za ka sa in karya doka."

"Gunduma ta zo ta kama ni. Ina da mutum a ciki yanzu."

Itace na fashewa, tartsatsi na tashi. Can Manus ya juya kai gefe.

"Packie. Daga maƙabarta ana hango ta?"

Packie ya duba. Maƙabartar Drumlara na cikin kwari a bayan coci, kafaɗar tudun ta kare ta gaba ɗaya. Ko ranar da aka binne Brid ya lura da haka. Wajen baƙi ƙirin yake, ko gicciye ɗaya haske bai taɓa ba.

Ya yi gyaran murya. Ya sake yi.

"Ana gani," ya ce. "Har sunanta ana iya karantawa."

Manus ya lalubo kafaɗar Packie ya dafa, ya bar hannunsa a nan, suka tsaya har bencin makaranta ya karye ya faɗa cikin garwashi.